Rijiyar da Muka Saka a Wasa

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, zaman banza ya ishe mu a Kazaure har na kawo mana wani wasa. Ba ni na ƙago shi ba, a makaranta na ga ana yi, na ɗauko na yi masa gyaran gida. Mutum ɗaya ke ba da labari, wato ni, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin mai haɗari ne sai a jefa ɗan ludo, ɗigon da ya fito shi ke yanke hukunci. Ran kowa ƙwayar gyaɗa goma ce a gabansa kan tabarma. Kunama ta harbe ka, in ɗauke ɗaya in ci. Katanga ta rufto maka da damina, in ɗauke huɗu. In gyaɗarka ta ƙare, mutuminka ya mutu. Kawuna, mai zauren da muke zama, ya daɗe yana zargin caca muke yi, sai da ya ga ba mai ƙaruwa da komai sai ni mai cin gyaɗa sannan ya ƙyale mu.

Mu huɗu ne. A cikinmu akwai abokina ɗan Gwiwa, wanda ke tahowa a babur bayan azahar, kuma ban taɓa ganin mai gardama irinsa ba. Kullum sai ya ce na cuce shi, wai maciji bai kai gyaɗa uku ba.

Da bazarar shekarar yayansa ya rasu a rijiyar gidansu, wurin yasa. Muka je ta'aziyya, muka tarar da shi zaune cikin mutane kamar an dasa shi. Da ya dawo wasa bayan sadakar arba'in, sai na kwashe duk wani ruwa daga labaraina. Ba rijiya, ba kududdufi, mutanenmu sai yawo suke a tsakanin duwatsu ko ƙishirwa ba sa ji. Ni a ganina kara nake yi masa.

Rannan ya ce, "Malam, garin nan naka ba sa shan ruwa ne? Saka mana rijiya. Mutum ya sume a ciki, ni zan shiga."

Na yi ta kame-kame, ya kafe. Dokata a lokacin ita ce gurɓatacciyar iska na cin gyaɗa ɗaya a kowane zagaye, domin ban taɓa ɗaukarta wani abu ba. Mutuminsa ya sauka, ya ɗaure wanda ya sume, ya hawo, da sauran gyaɗa shida a gabansa. Sauran biyun suka ce, "Kai, namiji!" suna son su faranta masa. Shi kuwa ya zuba wa gyaɗar ido.

Sai ya ba mu labarin da ba mu ji ba a wurin ta'aziyya. A garinsu, kafin a shiga tsohuwar rijiya, fitilar ƙwai ake kunnawa a zura da igiya. In ta mutu kafin ta kai ƙasa, ba mai shiga. To yanzu gidan wa ke da fitilar ƙwai? Kowa tocila gare shi. Yayansa ya ɗaura tocila a igiyar guga ya zura, ta kai har ƙasa tana haske tar, ya ce bismillah ya bi ramukan da ake takawa ya sauka. Bai ko fara cika guga ba ya zauna, kansa ya langaɓe.

"Ni ne a bakin rijiyar," in ji shi. "Mutane na cewa riƙe ni aka yi. Wallahi ba wanda ya riƙe ni. Ihu kawai na yi. Ga shi yanzu ka nuna min da na shiga da na fito da shi, har da saura."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da dokar nake fushi. Na ce masa dokar ƙarya ce, ya ba ni lokaci. Na tambayi wata yayata da ke aikin asibiti, na tambayi masu haƙar rijiya, maganarsu ta zo ɗaya. Irin wannan iskar ba ta cin mutum a hankali. Ba ta wari, ba ta gargaɗi, ka shaƙa kaɗan ƙafa ta saki, shi ya sa ake fito da gawa biyu ko uku daga rami guda. Amma sun ce jefi-jefi akan sami wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya fito.

Na sake doka. A cikin rijiya ba ruwan kowa da gyaɗa. Ka shiga, ka jefa sau biyu. In ba shida da shida suka fito ba, kai ma ka kwanta kusa da shi. Sauran biyun suka ce in toshe wannan ƙofar ta shida da shida gaba ɗaya, me ye amfaninta? Na ƙi. Ina da taurin kai a kan wasana, kuma na san shi, in ya gane na yi masa sassauci ba zai yarda da komai ba.

Ya jefa, biyu ta fito. Na ce mutuminsa ya mutu, na kwashe gyaɗar duka. Abin da ya ba ni tsoro shi ne dariyar da ya yi, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun kafin rasuwar. Ya ce a sake. Ya sake mutuwa. Ranar har abinci ya ci tare da mu.

Daga nan wasa ya lalace. Kullum sai ya tuƙo babur tun daga Gwiwa ya zo ya mutu a rijiya sau biyu ko uku, sannan hankalinsa ya kwanta. Sauran biyun suka gaji suka daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Ni kaina na tsani wasan. Duk jifar da zai yi gabana sai ya faɗi, don na san abin da na bari a cikin dokar.

Wata la'asar, mu biyu a zaure, ya jefa shida. Ya ɗauka ya sake jefawa, ɗan ludon ya gangara ya tsaya a kan shida.

Na yi maza na ce, "Ya bugi bakin tabarma, sake."

"Bai bugi komai ba. Faɗa min yadda aka yi."

"Don Allah mu bari haka."

"Kai ne mai labari. Faɗa min."

Haka na faɗa. Na ce ya riƙe numfashi ya sauka, ya zarga wa yayansa igiya a ƙarƙashin hammata, maƙwabta suka ja. Na ce an kwantar da su a inuwa, ana yi musu fifita, ana yayyafa ruwa. Na ce yayan ya yi tari ya buɗe ido.

"Da ya gan ni me ya ce?"

Ban shirya wannan ba. Yayan nasa sau biyu kawai na taɓa ganinsa, duka biyun kuma faɗa yake yi masa a kan gudu da babur. Sai na ji bakina ya ce, "Cewa ya yi, kai mahaukacin ina ne? Uban wa ya ce ka shigo? In mun mutu mu biyu wa za ka bar wa Inna?"

Na zaci na ɓata komai. Sannan ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza, ya yi kukan da bai yi ba ranar ta'aziyya.

"Haka zai ce," in ji shi. "Wallahi haka zai ce. Har mari sai ya haɗa min da shi."