Gwaggo Lamyai da Kasuwar Mutum Ɗaya

Kullum kafin motocin baƙi su iso daga Bangkok, Gwaggo Lamyai ta riga ta kwashe ruwan da ya kwana a cikin kwale-kwalenta. Da ɓawon kwakwa take kwashewa, ba ta yarda da roba ba. Idan ta gama sai ta cire furen jiya daga goshin jirgin, ta ɗaura sabo a kan tsofaffin ƙyallaye masu launi da ke wurin, ta haɗa tafin hannuwanta ta gaishe da uwar jirgi, wadda muka yi imani tana zaune a goshin tana tsare jirgin. Ba ta taɓa ɗaukar filafili ba tare da ta yi wannan gaisuwar ba, kuma ba ta taɓa barin baƙo ya taka goshin jirginta ba, komai tsadar takalminsa. Daga nan ta ɗora malafarta, ta biyo ta rumfata ta ɗauki soyayyiyar ayaba guda, ta ce ta ƙone ko ta ce ba ta soyu ba, sannan ta koma layin masu tuƙi ta jira a zo kanta.

Ni ce Kulap mai soya ayaba a bakin mashigin kasuwarmu ta kan ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ba na iya magana a cikin taro. An ce a ƙarshen watan nan Gwaggo za ta ajiye filafili, 'yan kasuwa za su yi mata walima. Na san idan aka miƙo mini abin magana kuka kawai zan yi, shi ya sa na rubuta.

Tun kafin a haife ni take tuƙi. Da farko kwakwa da sukarin kwakwa take ɗauka, daga baya kaya suka koma mota, mutane suka zama kayan. Baƙi kan sauko daga mota da safe, jagoransu yana gaba da 'yar tuta, a zuba su a jirage, a zaga da su cikin masu taliya da masu mangwaro, su ɗauki hoto, a mayar da su mota a guje domin su riski jirgin ƙasa a kasuwar layin dogo, su ga yadda ake naɗe rumfuna domin ya samu hanyar wucewa. Duk mai tuƙi ya san hanyar: ka bi babban ruwa, ka juya a gada, ka dawo. Gwaggo ce kaɗai ba ta juyawa a gada. Takan karkata ta shiga lungun ruwan da ya ratsa gonakin kwakwa, inda jirgi mai inji ba ya iya shiga. A ƙarshen wannan lungun gidanmu yake.

Kakata Thongbai ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. A zamaninta kasuwa ta ƙofar gidanmu take wucewa, kwale-kwale bayan kwale-kwale, ita kuma tana kan matakalar katako da kwandon gwaba tana ciniki. Da tsufa ya taɓa mata hankali sai ta manta an daina bin lungun. Ta manta sunana ma, wani lokaci da sunan mahaifiyata take kirana. Amma ba ta manta kasuwa ba. Ina fita da safe za ta lallaɓa ta sauka kan matakala da kwandonta, ta zauna ƙafafunta a bakin ruwa. Ba za ta tashi ba sai kasuwa ta ci ta tashi. Na taɓa dawowa da yamma na tarar da ita a wurin, rana ta gasa ta, leɓɓanta sun bushe, tana cewa mutane sun makara yau. Idan na zauna a gida ba mu da abinci, idan na fita ban san ko zan dawo in same ta a kan matakala ko a ƙarƙashinta ba.

Ban roƙi Gwaggo komai ba. Ta ga idanuna a kumbure wata safiya, ta tambaye ni, na faɗa mata ina kallon kasko. Ita dai ta ce ayabar ta yi mai. Washegari ta shiga lungu da baƙi shida a jirginta.

Kawu Chalong mai dafa sukarin kwakwa, wanda murhunsa ke kallon gidanmu, shi ya ba ni labarin yadda ake yi. Ya ce tun daga kwana Gwaggo take buga filafili a gefen jirgi, ta ɗaga murya irin ta 'yan kasuwar da.

"Inna Thongbai, gwabar nan ta yau ce ko ta shekaranjiya?"

"Ke Lamyai, bakinki bai canza ba tun kina yawo ba zane. Ta yau ce, in ba ki saya ba ki ba wasu hanya."

Sai a yi ta ja-in-ja. Gwaggo ta ce gwabar ta yi tauri, Kaka ta ce haƙoranta ne suka mutu. Baƙi su miƙo hannu, Kaka ta zaɓar wa kowa tasa, ta yi wa wanda ya latsa da yatsa faɗa. Idan aka gama sai Gwaggo ta juya jirgi, ta sake buga filafili, ta ce, "Inna, kasuwa ta tashi. Ki shiga ki huta." Ba ta barin wurin sai ta ga Kaka ta hau, ta shiga inuwa, ta ja ƙofa. Kawu Chalong ya ce kwandon ko ba a sayar da rabinsa ba, muddin Kaka ta ji wannan maganar daga bakin Gwaggo, ta gama aikin ranar.

Ke ce kika mayar da kwale-kwale ɗaya ya zama kasuwa guda, Gwaggo. Ke ce kike tayar da ita kullum saboda mutum ɗaya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Shiga lungu yana cin lokaci, kuma idan ruwa ya janye taɓo ne, sai an tokare da gora ana turawa da kafaɗa. Wirot, jagoran da ya fi kawo mata baƙi, ya sha tsayawa a mashigi yana duba agogo, sauran jirage sun dawo, nata babu labari. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma yana da maigida, kuma baƙon da bai ga jirgin ƙasa ba ba ya yafewa. Na ji da kunnena yana ce mata, "Gwaggo, jirgin ƙasa ba ya jiran mai gwaba." Ta ce masa ita ma mai gwabar ba ta san akwai jirgin ƙasa ba, ya je ya yi mata bayani. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Wata safiya motarsa ta makara a hanya. Da suka sauka sai ya wuce layin masu filafili ya zuba mutanensa a jirgi mai inji. Gwaggo ta zauna babu baƙo. A wurinmu idan ka fita daga layi ka rasa rabonka na wannan yinin, sai ka koma can baya. Ta zauna, ta dubi rana, ta dubi rumfata. Ni kuma layin masu saye ya rufe ni, ban ma lura ba. Da rana ta ɗaga sai ta kwance jirginta ta tafi ba kowa a ciki. Masu tuƙi suka yi ta tsokanarta wai za ta kai iska yawon buɗe ido.

Ba a kan matakala ta sami Kaka ba. Kaka ta gaji da jira, ta kwance tsohon jirginmu wanda ya yi shekara da shekaru bai taɓa tafiya ba, ta shiga da kwandonta za ta bi kasuwa. Ba ta da filafili. Ruwa yana janyewa, ya ɗauke ta ya yi gaba da ita wajen babban ruwa inda masu inji ke wucewa suna tayar da igiya. Kawu Chalong yana can saman bishiyar kwakwa ya hango, kafin ya sauko Gwaggo ta riga ta cim mata. Ruwa ya kai wa Kaka idon sawu a cikin jirgin, tana rungume da kwando a cinya. Ya ce ya zaci Gwaggo za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta kama gefen jirgin da hannu ɗaya, ta ce, "Inna, yau kin riga mu kasuwa. Zaɓo mini masu daɗi." Kaka tana zaɓa, ita kuma tana riƙe da jirgi biyu a cikin ruwa mai ja, har Kawu ya iso da igiya. A ranar kafaɗarta ta dama ta fara ciwon da bai sake barinta ba.

Labarin ya kai wa Wirot. Washegari ya tsaya a rumfata ya sayi ayabar da bai ci ba. Tun daga lokacin, tun a cikin mota yake tsintar dattawa da waɗanda ba su son ƙarar inji, ya ware su ya ce na Gwaggo ne, kuma jirginta yake fara sallama kafin kowa. Idan ta makara ya tsaya yana gunaguni, amma ya tsaya.

Ba Gwaggo ce ta gaya mini maganar likita ba, matar Kawu Chalong ce. Ashe an ce mata a yi aikin kafaɗar da wuri, ta huta watanni, in ba haka ba hannun zai ƙi ɗaguwa. Ta ce sai bayan damina. Damina ta wuce ta ce sai bayan bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu. Na same ta a mashigi tana shafa man zafi, na tattaro duk ƙarfin halina na ce ta je a yi mata, zan san yadda zan yi da Kaka. Mun ma gwada. Wata ƙanwarta mai tuƙi ta shiga lungun a madadinta, ta faɗi duk abin da aka koya mata. Kaka ta dube ta ta ce wannan ba 'yar kasuwa ba ce, ta ƙi sayar mata, ta ƙi tashi. Sai da Gwaggo ta je da kanta da tsakar rana.

"Kin gani ko, 'yar ɓera?" Haka take kirana tun ina ƙarama. "Idan na kwanta, wa zai tashi kasuwar? Hannu biyu gare ni. Kakarki guda ce."

Ta ci gaba da shiga lungun. Muna ganinta ta koma tuƙi da ɓangare ɗaya, tana cije leɓe idan ta tokare gora, tana yi wa baƙi murmushi suna ɗaukarta hoto. Akwai hotonta a ƙasashen da ba ta san sunansu ba, babu wanda ya nuna kafaɗar.

Kaka ta rasu a farkon sanyin bana, a kan tabarmarta, da hantsi, bayan kasuwa ta tashi. Kwandon yana gefenta. Ba ta mutu a ruwa ba, ba ta mutu a rana tana jira ba. Har ta bar duniya ba ta san lungunmu ya mutu ba.

Bayan an ƙone gawar a haikali kamar yadda al'adarmu take, aka zo batun kai tokar babban ruwa. Dangi suka ce a ɗauki jirgi mai inji. Gwaggo ta ce a nata za a kai. Ta ɗauko mu daga matakalar gidanmu, ni ina riƙe da farin ƙyallen da tokar ke ciki, ta tuƙa a hankali, tana tsayawa tana hutawa, har muka fito inda ruwa ya buɗe. Na saki tokar tare da furanni. Sai na ji filafili ya bugi gefen jirgi.

"Inna, kasuwa ta tashi. Ki shiga ki huta."

Da ta je asibiti bayan nan, aka ce an makara. An yi abin da za a iya, amma hannun ba zai ƙara wuce ƙirji ba. Yanzu idan za ta gaishe da manya, hannun hagu ne yake tallafo na dama, kuma ba sa kaiwa fuska. Goshin jirginta ma ya fi ƙarfinta. Ni nake ɗaura mata furen da safe, tana tsaye tana cewa na karkata shi.

Gwaggo, ban taɓa iya kallon idonki in ce na gode ba. Ke ba jininmu ba ce, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya biya ki. Kin ba kakata hannunki, kin bar ni na nemi abinci ba tare da zuciyata tana kan matakala ba. Na gode, uwar lungu. Na gode har iya abin da na iya rubutawa.

Ku kuma masu tuƙi, da ku masu jagorar baƙi, lungunmu ba shi kaɗai ba ne. A bayan kowace gonar kwakwa akwai tsoho ko tsohuwa a zaune a bakin ruwa, 'ya'yansu suna birni, suna sauraren ƙarar filafili. Ba na cewa ku ba da hannu kamar yadda ta bayar. Idan kun zo gada, wani lokaci kada ku juya. Ku shiga, ku kira su da sunansu, ku kushe kayansu, ku saya.

Jirgin yana nan a mashigi, kusa da rumfata. Gwaggo ta ce ba na sayarwa ba ne. Ta ce duk wanda ya yarda zai riƙa wuce gada, ya zo ya ɗauki filafilin.