Datti da Kofi na Bakwai

Datti Yahuza mutumin Gumel ne. Ni Muttaka, gidanmu yana bayan nasu, tare muka yi firamare da sakandare. Shi ya wuce ya yi ta karatu har ya zama malami a wata kwaleji, yana koyar da ilimin sarrafa abinci. Ni karatu bai karɓe ni ba. Na zo Kuala Lumpur da sunan yin difloma, ban gama ba, na ƙare a wani kedai, wato ɗan shago, a Sentul ina sayar wa 'yan Najeriya garin rogo da manja da daddawa da busasshen zoɓo. Da aka turo shi karatun dakta a 2017, ya bar matarsa Ruƙayya da yara biyu a gida, muka kama falat ɗaya a Danau Kota, hawa na goma sha huɗu.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Mutanen ƙungiyarmu sun matsa in rubuta wani abu a kansa. Na zauna sau da yawa, ba abin da yake zuwa min sai maganar kofi na bakwai. To ita zan rubuta.

Ƙungiyar Hausawan da ke nan tana taro duk bayan ƙaramar salla. Mata kan kawo zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta, kowace tana cewa nata ya fi. Datti ne ya mayar da wannan gardamar gasa. Akwai wani ɗan Sin a ɗakin bincikensu da ya taɓa zama a ƙasar waje, inda masu haɗa giya a gida suke gasa da alƙalai da takardar maki. Ya nuna wa Datti takardar. Datti ya dawo gida da ita yana dariya.

“Muttaka, dubi yadda mutane suka ɗauki haram da muhimmanci. Mu ga halal a hannunmu, sai ‘da daɗi’ da ‘ba daɗi’ kawai muka iya.”

Ya zauna ya tsara tasa. Abu biyar ake dubawa: launi, ƙamshi, ɗanɗano, kauri, da abin da ya rage a baki bayan an haɗiye. Kowanne maki goma, duka hamsin. A ƙasan takardar akwai fili inda yake rubuta wa mai abin shawara. Wannan filin ya fi damunsa da makin. Yakan ce wadda ta zo ta ƙarshe ita ta fi bukatar a yi mata rubutu mai kyau.

Yana da dokoki. Ranar gasa ba ya shan shayi, ba ya shafa turare, ba ya goge baki da man goge baki, sai asuwaki tun da asuba. Tsakanin kofi da kofi yakan kurkure baki da ruwan ɗumi, ya ci lomar burodi. Ba ya yarda ya ga kwalba, don kada ya gane ta wace ce. Ni nake buɗe kwalabe a kicin, in zuba a kofuna iri ɗaya, in liƙa lamba, in kai masa. Babbar dokarsa kuwa ita ce ta abin da ya juya. A zafin ƙasar nan kunun aya ba ya jure awa uku a waje, sai ya fara tsami ya kama hanyar zama giya. Datti yakan fara kai kofi hanci. In ya ji ya juya, ko ɗigo ba zai taɓa harshensa ba. Sai ya ture kofin ya ce, “Wannan ya bar Musulunci,” a yi dariya, a cire shi daga gasa.

Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ya taɓa gaya wa wata cewa kanumfarinta ya kwana kusa da sabulu, ta koma gida ta duba, haka ne. Ba shi da mota, ba shi da kaya masu tsada, karatunsa ma yana tafiya a hankali. Abin da aka san shi da shi a garin nan ke nan: hancinsa da harshensa ba sa ƙarya.

A 2020 ba a yi gasa ba, an kulle gari. A Janairun 2021 korona ta kama shi. Ya yi kwana goma a wurin killacewa ya dawo, ya ce ya warke sarai. Amma ni ina gani. Wata rana shinkafa ta ƙone a kicin, hayaƙi har falo, yana zaune yana karatu bai ɗago ba. Ya fara zuba yaji a miya har ni ba na iya ci. Na taɓa leƙa shi da rana, na same shi ya buɗe kwalbar kanumfari ya kafa hanci a ciki, ya daɗe a haka, sannan ya rufe ya mayar. Bai gaya min ba, ni ma ban tambaye shi ba. Haka muka yi wata huɗu.

Ƙaramar sallar watan Mayu ta zo an hana taro, an hana ziyara. Matan suka ce a yi gasar ko ta tapau ce, wato a ƙunsa a aika: kowace ta ba masu babur su kawo kwalbarta Danau Kota, Datti ya yi alƙalanci a gida, a sanar a zauren WhatsApp. Na ce masa a bari sai baɗi.

“Don me?” ya ce, yana kallona.

“Ba komai, Dakta. Na ga kana fama da rubutunka ne.”

“Boleh lah, zan iya. Mutanen nan sun gaji da zaman ɗaki. Bari su samu abin yin faɗa a kai.”

Kwalba goma sha ɗaya aka kawo. Ta bakwai daga Cheras ta zo, kunun ayar Hureira ce, wadda muke kira Maman Kamila. Mai babur ɗin ya ce shingen 'yan sanda ya tsare shi, ga wasu kayan da ya fara kaiwa. Kwalbar ta iso da ɗumi, ta kumbura. Da na murɗa murfin a kicin sai ta yi tsaki, kumfa ta taso. Warin ya bugi hancina. Ko ni da ban san komai ba na san ta juya.

Na tsaya da cokali a hannu. Na kwashe kumfar, na zuba a kofi, na liƙa lamba bakwai. Abin da na gaya wa kaina shi ne, wannan warin ko mai mura zai ji. Zai kai hanci, ya ture, ya yi barkwancinsa, in san abokina ya warke. Don in gani na kai masa.

Ya ɗaga kofin ya duba launi a hasken taga. Ya kai hanci, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Ya yi bismilla ya kurɓa. Ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya ƙara kurɓa.

“Wannan ta san aiki,” ya ce. “Ka ji yadda citta take cizon harshe? Ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba.”

Fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun Janairu. Wata huɗu komai kamar ruwa yake a bakinsa, yau ga abin da ya ji yana motsi a harshensa. Gas ɗin tsamin ne yake ji. Ya shanye kofin, abin da ba ya yi a gasa, ya ce in ƙaro. Na koma kicin na ƙaro. Bakina bai buɗe ba. Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro ba.

Ya ba ta arba'in da shida. Bayan la'asar ya sanar a zaure cewa lamba bakwai ce ta ɗaya, ya ɗora hoton takardar, da yabon cittar a rubuce da hannunsa.

Ba a yi minti goma ba Maman Kamila ta turo murya. Ba da mugunta ta yi ba, dariya ma take yi.

“Malam Datti, na gode, amma wallahi ban sa citta ba, ta ƙare min. Kuma wanda na rage a gida ma ya fara tsami, balle wanda ya yi awa uku a bayan babur. Ni na ɗauka za ka ce ya bar Musulunci. Ko dai kwalba aka musanya?”

Zaure ya ɗauka. Wani ya rubuta, “Alƙali ya yi tatul.” Wani ya ce a kai masa ruwan sanyi. Datti ya saurari muryar sau biyu. Ya tashi ya shiga kicin, ya ɗauki kwalbar, ya ga yadda ta kumbura, ya ga kumfar a cikin kwanon da na zubar.

“Ka ji warin?”

“Na ji.”

“Tun kafin ka kawo min?”

“Tun kafin.”

“Har na biyun,” ya ce.

Ya shiga banɗaki ya sa yatsa a maƙogwaro. Ya fito ya yi alwala ya yi salla raka'a biyu. Sannan ya ɗauki waya ya yi magana cikin muryar da yake karanta sanarwa da ita. Ya ce tun Janairu ba ya jin ƙamshi ko ɗanɗanon komai, ya ɓoye, ya karɓi alƙalancin da bai kamata ya karɓa ba. Ya ce duk makin yau a soke, matan su yafe masa wahalar da suka sha. Bai ambaci sunana ba. Masu barkwancin suka goge saƙonninsu.

Kwana tara bai yi min magana ba sai sallama, a falat mai ɗaki biyu, gari a kulle. A na goma ya fito da kofuna uku ya jera a tebur.

“Zauna, mai kedai. Tunda kana da hanci ba ka da baki, ni ina da baki ba ni da hanci, sai mu haɗa.”

Haka ya fara koya min. In sha in faɗa masa abin da na ji. In na ce “da daɗi” sai ya buga tebur.

“Daɗin me? A ina? A gaban harshe ko a maƙogwaro? Ka yi magana kamar wanda ya je makaranta, ko da ba ka gama ba.”

Bai ƙara tayar da maganar kofi na bakwai ba. Sau ɗaya kawai ya ce, “In ka ga abu ya juya ka faɗa, ko na uwarka ne.” Ya daina buɗe kwalbar kanumfari. Ya ce ya haƙura, Wanda ya ba shi ya karɓi abinsa.

Ƙarshen Yuli cutar ta sake kama shi, wannan karon a ƙirji. Aka kwantar da shi a asibiti, ba a shiga. Ana dai karɓar saƙo a ƙofa a kai wa marar lafiya. A kwana na shida na dafa zoɓo da kaina. Hankalina ba ya jikina, na zuba sukari tun tukunya tana kan wuta, na tafi amsa wayar Ruƙayya. Kafin in dawo ya kama a ƙasa. Na tace na ɗanɗana, ban ji ƙauri ba. Na zuba a kwalba marar suna na kai.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Ya rubuta shi a jere, kamar a takardarsa.

“Launi 7. Ƙamshi 4, kanumfari ya danne abarba. Ɗanɗano 4. Kauri 5. Abin da ya rage a baki 3, sukari ya ƙone a gindin tukunya, akwai ɗaci a can baya. Jimla 23. Shawara: mai wannan zoɓon ya riƙa tsayawa a kan tukunyarsa. Muttaka, na ji. Wallahi na ji duka.”

Ban gaya wa kowa sukarin ya ƙone ba. Ba wanda ya gani. Na je kicin na duba gindin tukunyar, baƙin yana nan.

Da yamma aka sa masa na'urar numfashi. Bayan kwana biyar ya rasu, ranar Laraba. Ba a ba mu shi mun wanke ba. Ma'aikata cikin fararen kaya suka yi masa taimama a kan ledar da aka sa shi a ciki, suka sallace shi, suka binne. Mu huɗu muka tsaya daga nesa. Na riƙe waya sama don Ruƙayya ta gani daga Gumel, hoton yana yankewa. Hannuna ya gaji, na canja hannu. Abin da nake tunawa ke nan. Ban yi kuka ba, har yanzu ban yi ba. Ina zuwa kedai, ina dawowa, ina cin abinci.

Bayan kwana uku na shiga zauren ƙungiya. Na faɗa musu ni na buɗe kwalba ta bakwai, na ji warin, na kwashe kumfar, na kai masa har sau biyu. Sannan na ɗora saƙonsa na ƙarshe da hoton gindin tukunyar, don su san harshensa ya dawo kafin ya tafi, kuma bai ƙara min ko maki ɗaya ba don ni ne. Maman Kamila ce ta fara amsawa. Ta ce, “Allah ya jiƙan alƙalinmu.” Sauran suka biyo.

Bana sun ce ni zan zauna a kujerarsa. Na zauna. Kofi tara aka kawo, na huɗu ya juya. Na kai hanci, na ture shi gefe. Kowa yana jira in faɗi abin da yake faɗa. Na ce, “Wannan ya yi tsami, a cire shi.” Na kurkure baki, na ci lomar burodi, na ce a kawo na biyar.