Man Kaɗanya a Sifirin Motar Baba

Jiya jikata ta buɗe kwalbar man kaɗanya za ta shafa mini a ƙafa. Ƙamshin na bugun hancina na ce ta rufe. Ta ɗauka rikicin tsufa ne. Ba shi ba ne, mai karatu. Man nan ne ya raba mahaifina da kawuna har kabari, kuma da hannuna na shafa shi.

A Tudun Wada aka haife ni, zamanin da mulkin Turawa bai daɗe da kafuwa ba, mota kuwa abin kallo ce. Babana direba ne. Yana tuƙa wa wani attajiri mai sayen auduga 'yar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda yanzu kuke ce wa a-kori-kura. A gindin durumin ƙofar gidanmu take kwana. Son motar nan nake kamar mai rai. Nakan tsaya in kalli fitilunta biyu, in ga kamar idanun wata baƙuwa ce da aka rabo da garinsu, ba ta da mai fahimtar harshenta.

Kawuna, yayan Inna, maƙeri ne a bayan kasuwa. Tun fil azal ba sa ga maciji da Baba. Kawu na ganin direba mutum ne marar sana'ar gado, mai bin Nasara a baya. Baba na ganin maƙeri mutumin jiya ne da bai san an waye gari ba. In sun haɗu a zaure, gaisuwarsu ba ta wuce kalma biyu. Amma da wani falle na sifirin motar ya karye, wato ƙarafan nan da ke jere bisa juna suna ɗauke da nauyinta, babu wanda zai iya ƙera wani sai Kawu. Ya ƙera ya ɗaura, Baba ya karɓa bai ce an gode ba.

Tun daga lokacin motar ta soma kuka. Duk ramin da ta taka sai ƙarafan su yi ƙiii, kamar ana yanka mini zuciya. Na san abin da Inna ke yi wa ƙafata in ta yi kaushi tana tsagewa. Ran wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, na ɗebo man kaɗanyar Inna a kasko, na ajiye a rana ya narke. Na kwanta a ƙarƙashin motar da gashin kaza a hannu, na bi tsakanin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ina lallashinta. Juma'a biyu na yi haka.

Kukan ya ɗauke, sai tsalle ya zo. In ta taka rami ɗaya, sai ta yi ta sama da ƙasa kamar kwaɗo ya ji ruwan farko. Wata rana a Ƙofar Doka, attajirin na zaune a gaba, ta cilla shi kansa ya bugi rufi, rawaninsa ya warware ya faɗi ƙasa a gaban jama'a. Ya ba Baba kwana uku: ko ta daina, ko ya nemi wani direban.

Baba ya rage iskar taya, ba ta daina ba. Ya loda mata duwatsu a baya, ta ci gaba da rawarta. Maƙwabta suka ce an yi mata baki, aka kawo rubutu aka yayyafa. A rana ta uku da hantsi Baba ya aika aka kira Kawu, ya tare shi a gindin durumi, mutanen unguwa na tsaye.

"Maƙeri, ƙarfen garma ka sa mini a mota? Burinka ka ga na koma jan jaki, ko?"

"Jakin ma ai sai wanda ya iya," in ji Kawu. "Matsa mini, Direba."

Ya dafa kusurwar motar, ya danna da dukkan nauyinsa, ya saki. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, ta kuma. Ya ce mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya. Ya zaga kusurwa huɗu, duk haka. Ya shiga ƙarƙashi da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasa kowane falle yana kasa kunne, babu wanda ya yi muryar tsagagge. Sai ya shafo da yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Ƙarfena lafiya lau," ya ce daga can ƙasa. "Kukan da suke yi, gugar juna ce, ita ke kashe tsallen. An sa musu mai, yanzu zamewa suke, babu mai riƙe ɗan'uwansa."

"Wane ɗan hassadar ne ya sa? Wallahi ko wane ne, ya bar gidan nan yau!" in ji Baba.

Kawu ya fito ya zauna a ƙasa. Ya san man nan, don Inna na dafa nata da kanumfari kamar yadda uwarsu ke yi. Ya dubi ƙofar zaure inda take tsaye a bayan asabari. Ni ina gefenta, bai ko kalle ni ba. Ƙanwarsa ya zarga, kuma ya san Baba ba ya janye rantsuwa.

"Ni na sa," ya ce. "Ranar da na ɗaura."

Ya wanke ƙarafan da kananzir da toka har la'asar, Baba na tsaye a kansa yana zazzaga masa maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Motar ta koma kukanta, ta daina tsalle, Baba ya tsira da aikinsa. Kawu ya ɗauki gudumarsa ya tafi, bai sake taka zaurenmu ba. Ranar aurena ma a bakin titi ya tsaya, ya aiko mini da wuƙar girki da ya ƙera, mai zanen fure a ƙota.

Na yi shiru shekara da shekaru, kullum ina cewa gobe. Sai bayan an binne Kawu na durƙusa gaban Baba na faɗa masa.

"Da kin bar ni da fushina," ya ce, "da ya fi mini sauƙin ɗauka."

Yanzu durumin babu, shaguna ne a wurin. Motoci sun cika Tudun Wada, kuma in ɗaya ta yi tsalle, makanike ya cire abin da ya lalace ya jefar, ya ɗaura sabo, babu wanda zai sunsuna yatsa. Wuƙar tana nan a akwatina, ba ta taɓa dakushewa ba. Jikata ta dawo da kwalbar da safen nan, ta ce ƙafata ta tsage har tana jini. Na ce ta bar ta haka.