Darmar da Yaya Sale Ya Ƙi Zubawa

Shekara goma ke nan da muka binne yayana Sale Maƙeri a Kafanchan, kuma har yau idan gari ya yi tsit da hantsi gabana faɗuwa yake yi. Kowa tsoron ƙarar bindiga yake, amma ni shirunta ya fi ba ni tsoro, kuma a wurin Yaya na koyi haka.

Maƙerarsa tana bayan layin dogo. Fartanya da gatari yake ƙerawa, sai gyaran bindigar toka ta maharba da zuba musu darmar harbi. Ni a lokacin citta nake saye ina kaiwa Kaduna, in kasuwa ta yi sanyi a wurinsa nake yini. Mutum ne mai tambayar tsiya. Ba ya narka maka darma sai ya ga bindigar, ya ga mai ita, ya ji dabbar da za a harba da dajin da za a shiga. Daga nan sai ya ɗora darmar a tafin hannunsa ya yi ta jinjina ta. Yakan ce mai nauyi tafiyar ƙasaita take yi, a hankali, amma in ta isa ta isa. Marar nauyi kuwa sai gaggawa da tsawa. Nakan tsokane shi in ce ko alƙali bai kai shi bincike ba, shi kuma ya ce in koma wajen cittata.

Akwai wata al'ada tsakanin maharban yankinmu wadda 'yan yanzu ba su sani ba. Duk wanda ya ji harbi daga kan duwatsu, ya bi ƙarar ya je ya taya ɗaukar nama, to yana da kasonsa. Yaya yana kiran abin rabon kunne. In gada ce, Musulmi ake ba wuƙa ya yanka don kowa ya ci. In aladen daji ne, mu taya Kiristoci ja zuwa bakin hanya mu yi musu barka. Kowace bindiga da muryarta, kuma Yaya ya san su duka. Yana cikin zuga wuta sai ya tsaya ya ce, “Ta Malam Ishaya ce, kuma ya samu.” Malam Ishaya tsohon malamin firamare ne, dattijo a cocinsu, aminin Yaya tun suna samari.

Sai rikicin addini na 1987 ya zo ya wuce, ya bar mu da kallon juna ta gefen ido. Gaisuwa ta gajarce. Mutanen da ba su taɓa harbin ko kurciya ba suka fara zuwa maƙera neman darma, daga kowane ɓangare. Yaya ya daina zuba wa duk wanda bai san gidansu ba.

Wata rana ina zaune, wani mutum ya tsayar da farar mota ya shigo. Fes da shi, Hausarsa rabi Turanci, ba ka iya cewa ga inda ya fito ko inda yake ibada. Ya kwance wani ƙyalle, sai ga ƙaramar bindiga irin ta aljihu da wani bututu da ake ɗaura mata a baki. Ya ce yana da mai ɗura masa harsashi, abin da ya rasa shi ne darma mai nauyi sosai, wadda za ta tafi a hankali ba tare da tsawa ba. Ya ce an gaya masa babu mai hannun Yaya a zubi.

Yaya bai taɓa bindigar ba. Ya ce, “Wace dabba za a harba?”

Mutumin ya yi murmushi ya ce, “Ɓeraye ne suka dame mu a gona, Baba.”

“Ɓeran da ba a so maƙwabta su ji mutuwarsa,” in ji Yaya, “ba ni da darmarsa.”

Da mutumin ya tafi na ce wa Yaya ai da ya lallaba shi, ya ce masa darma ta ƙare. Yaya ya harare ni. Ya ce bindigar da ke ƙara kiran jama'a take yi, su zo su gani su ɗauki rabo. Wadda aka toshe wa baki kuwa, mai ita ba ya son shaida, kuma abu ɗaya ne ake harbi ba a son shaida.

Mutumin ya sake dawowa, wannan karon bai fito daga mota ba. Ya ce, “Baba, ba kai kaɗai ne maƙeri ba. Matsalar ita ce ka riga ka ga abin.” Da Malam Ishaya ya ji, hankalinsa ya tashi. Ya ce, “Maƙeri, wannan magana ba shi da kyau. Ka tafi Kasuwan Magani wurin ƙanwanka, ka zauna har damina ya wuce.” Ni ma na roƙe shi. Yaya ya nuna tarin fartanyoyin da ke jiran gyara ya ce wa zai bar wa su. Abin da ya yi kawai, ya ɗauki ƙananan mazuban darmarsa ya farfasa su da guduma a gabanmu, ya ce ko an zo bayansa ba za a samu ba.

A gonarsa aka tsince shi, da hantsi, fartanya a hannu. Mata suna ciran ciyawa a gonar citta da ke kusa, har da matar Malam Ishaya. Sun ji kukan tsuntsaye, sun ji wucewar jirgin ƙasa, amma babu wadda ta ji harbi. Ba a kama kowa ba, ni ma ba zan ɗora wa kowa ba. A asibiti an nuna mini abin da aka ciro daga jikinsa, na ɗora a tafin hannuna yadda yake yi. Nauyi gare shi, kuma zubin gida ne. Wani maƙerin ya karɓi aikin da Yaya ya ƙi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Duk sanda na bi hanyar Jere da kayan citta, direba ba shi da hira sai ta inda aka tare mota jiya. Samari suna lissafa sunayen bindigogi kamar sunayen 'yan ƙwallo. Ba mai tambayar dabbar da za a harba. Ina jin da Yaya yana nan, da ya rufe maƙerar ya koma gyaran fartanya kaɗai, yana faɗa da kowa. Wani lokaci har haushinsa nake ji. Taurin kansa bai hana a zuba darmar ba, sai dai ya bar mana marayu.

Amma akwai abin da ba na mantawa. Bayan sadakar bakwai, Malam Ishaya ya ɗura bindigarsa da darmar ƙarshe da Yaya ya zuba masa, ya hau dutse da rana tsaka ya harba sama. Garin da kowa ke tsoron kowa, sai ga mutane suna fitowa daga gonaki, masu hula da masu gicciye a wuya, suna bin ƙarar kamar yadda aka saba. Ba su tarar da nama ba. Tsoho suka tarar zaune yana kuka, suka zauna tare da shi har la'asar.

Abin da ya rage mini na Yaya ke nan, na taɓa gani da idona an ji harbi an nufo wurin. Makon jiya an yi harbi a bayan unguwarmu. Na tsaya a bakin zaure ina sauraro, ban ji tafiyar kowa ba, sai ƙarar sakata gida bayan gida. Ni ma na shiga na sa tawa.