Bambar Motar Oga Ambrose

Yayana Lukuman ba a halicce shi da zama ba. Ana sallame sallah, kafin liman ya juyo ya riga ya zura takalmi. In ya zo gidana a Tudun Wada a tsaye yake cin abinci, makullin mota yana kaɗawa a yatsarsa, har matata ta gaji ta daina shimfiɗa masa tabarma. Ni ne ƙanensa Sharafaddeen, keke Napep nake ja, kuma tun muna yara a Bukuru nake fama da shi.

Amma da ya kama sitiyari sai ka rantse wani mutum ne. Tun gemunsa bai fito ba yake jan bas daga Bukuru zuwa Taminus, ya ja tasi, ya ja motar makaranta, bai taɓa goge mota ba. Abin da ya tara ke nan a duniya. Ba shi da gida, ba shi da fili, amma ko hirar siyasa ake yi a majalisa sai ya san yadda ya sako zancen: "Ni dai ban taɓa kai mota wurin mai fenti ba." Mun ji har kunnenmu ya ƙoshi.

Sunan nan ne ya kai shi gidan Oga Ambrose, wani dattijo Ibo mai sayar da kayan gini. Ya ɗauke shi lokacin da matarsa, Madam Ulonma, ta kwanta ciwo, don ya riƙa kai ta asibiti. Da ta rasu bai sallame shi ba. Shi Oga ba ya zaman baya irin na masu kuɗi. Gaba yake zama kusa da Lukuman, suna gardamar ƙwallo, suna cin gyaɗa daga leda ɗaya. Yaya yana alfahari da wannan kusan kamar yadda yake alfahari da tuƙinsa.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. A kusurwar hagu ta bambar gaba akwai wata tsohuwar lotsawa da ɗan shuɗin fenti a ciki, tun kafin zuwansa. Kullum da safe Oga zai dafa wurin kafin ya shiga mota. Lukuman ya ɗauka haushi take ba shi. Sau nawa yana cewa, "Oga, bari in kai a gyara, kada mutane su ce ni ne." Amsar ba ta canzawa: "Bar shi."

Cikin damina, ana tsakiyar ruwan nan na Agusta da ba a ganin rana, Oga ya hau doguwar mota ya tafi garinsu jana'iza. Lukuman ya je Farin Gada sayen kayan miya, ya faka a inda ya dace, sai wata kura maƙare da buhunan dankali ta ƙwace wa mai ita a gangara, ta zo ta daki bambar ta dama. Robar ta tsage har ƙasa. Ba ya ma cikin motar. Jama'a sun gani, mai kurar yana ta ba da haƙuri.

Ya iso wurina ya ba ni labari. Na ce, "Yaya, kira Oga ka faɗa masa mana. Ai ba laifinka ba ne."

"In ce masa me? Mota ta fashe a hannuna?"

"A hannun mai kura dai."

"Tayar da keke, Sharafa."

Haka na yi asarar fasinjoji na zama direbansa. Muka shiga Dilimi, kasuwar kayan mota, shago shago. Shi orijinal yake so, irin wadda aka ciro daga motar Baljiyam, don Oga ya dawo ya tarar kamar ba abin da ya faru. Wannan a ce ta wata shekarar ce, ramin fitila bai yi daidai ba. Waccan kunnuwanta sun karye. Wani ya ce a jira kaya daga Legas, Lukuman kuwa ko jiran canji ba ya iyawa. Muka je Bukuru, muka dawo, ruwa na dukanmu, yana ta buga ƙafa a bayan keke yana cewa in ƙara wuta.

A shagon wani Okwudili muka ƙare. Ya sauko da sabuwa fil a leda, ya ce gaskiya 'yar Taiwan ce. Ya lanƙwasa gefenta da hannu ɗaya, ya sa Lukuman ya gwada lanƙwasa tsohuwar da muka ciro muka taho da ita, ta ƙi. Ya ce, "Malam, ka ga bambanci. Ga mai ɗinkin roba can, ya narka maka, ya haɗa. Orijinal mai ɗinki ya fi Taiwan sabo."

Lukuman ya girgiza kai. Ɗinki yana barin tabo, in an leƙa ta ciki za a gani. Shi ba ya son a ga komai.

Da aka kawo motar, ɗaura ta ma wani yaƙi ne. Ita 'yar Taiwan sai an shanya ta a rana ta yi laushi sannan take shiga mazauninta, to ina rana a Jos cikin Agusta? Sai da muka roƙi mai shayi butar ruwan zafi, ana kwarara mata, mutum uku suna dannawa, Yaya yana zagaya motar yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Aka fesa fenti, ya ƙi bushewa saboda sanyi. Da za mu tafi, mai ɗinkin robar ya nuna tsohuwar da ke yashe a taɓo, ya ce ko ana so? Lukuman ya ce, "Ɗauke ta, kada in sake ganinta." Har da murnarsa, wai ya rabu da lotsawar nan ma.

Ranar da Oga zai dawo ya matsa sai na bi shi tasha da kekena, wai in tsaya ta gaban motar in tare inda fentin ya ɗan fi haske. Ni da ƙaton cikina na tsaya kamar mai gadi. Oga ya sauko da jakarsa, ya gaisa da mu, ya zagayo ta hagu, ya miƙa hannu kamar kullum ba tare da ya duba ba. Hannun ya sauka a kan roba sumul. Ya shafa, ya sake shafawa, sannan ya sunkuya.

"Lukuman, wannan ba bamba na ba ne."

Yaya ya fara zuba, kura, dankali, gangara. Oga bai saurari ko ɗaya ba.

"Ina tsohon?"

"Oga, ai ta lalace. Na ma raba ka da lotsawar nan."

Dattijon ya dubi wurin. Sannan ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "Madam ne ya yi wannan. Ranar da na koya mashi mota, ya buga get na gida. Ya fito ya gani, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ina faɗa, shi yana dariya." Ya miƙe tsaye. "Da ka kira ni, da na ce a ɗinke."

Wallahi tausayin su biyun ya kama ni. Lukuman ya fizgi hannuna. Ban taɓa gudu da keke irin na ranar ba, kuma wannan karon ba sai da ya ce in ƙara wuta ba.

Mun tarar da mai ɗinkin yana aiki, ƙarfensa a wuta. A gefensa ga tarin roba an yanka sili-sili kamar taliya. Ya ce ai ita robar orijinal ita ce ke narkewa da kyau, da ita suke cike tsagar motocin mutane. Lukuman ya durƙusa yana tona tarin, yana neman shuɗin fenti. Mutumin ya ce, "Kusurwar da ta lotse? Da ita na fara, tunda ba ta da amfani. Tana jikin wata tasi."

Muka koma tasha. Oga yana nan tsaye inda muka bar shi, yayyafi ya jiƙa masa hula. Yaya ya faɗa masa gaskiya, kansa a ƙasa. Oga ya gyaɗa kai, bai yi faɗa ba, bai karɓi makulli ba. Lukuman ya ruga ya buɗe masa ƙofar gaba. Dattijon ya wuce ta, ya buɗe ta baya da kansa ya shiga.

Har yau Yaya yana aikin. 'Yar Taiwan ɗin ta fara sakin baki ta gefe, an ɗaure ta da waya. Yana zuwa gidana, kuma yanzu yakan zauna, har matata ta koma shimfiɗa tabarma. Zancen mai fenti ya bar bakinsa. Jiya na hange su a danja, shi a gaba, Oga a baya yana kallon taga, ledar gyaɗa a kujerar da ba kowa.