Gwaurayen Lissafin Kakata

Jiya na tsinci 'ya'yan tsamiya ƙulle a bakin tsohon zanin kakata.

Da su take lissafin adon faifai a Gashua, zamanin Turawa. Takan jera su gida-gida bisa tabarma, yatsunta jajaye da rinin karan dafi, ɗakin duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar kaba. Adadin da ya ƙi rabuwa daidai ko gida nawa aka kasa shi, kamar bakwai ko sha ɗaya, gwauro take ce masa.

"Gwauro ba ya zama da kowa, Maigida. In ka ɗauko ado da shi, bakin faifai ba zai haɗu ba."

Ni kuwa saukata ke nan daga jirgin ƙasan Nguru, sabon malamin makaranta. Na yi dariya. "Kaka, wannan ai wasa ne, ba lissafi ba."

Ta tattara 'ya'yan tsamiyarta ta ƙulle. Ba ta ƙara kwance su a gabana ba.

Bayan rasuwarta na tarar da gwaurayenta a littafin lissafi, da sunan Turanci. Gwauraye nawa ta sani? Ban taɓa tambayarta ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya sa tun ranar kika yafe mini.