Gishirin Kifin Baba

Babanmu mai fenti ne. Da buroshi ya ciyar da mu: allunan shaguna, bangon makarantu, bayan manyan motoci. Da gwiwa ta hana shi hawa tsani, sai ya koma ɗakinsa na baya ya kama zanen kifi da fentin ruwa. Kifi kawai. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce kifi bai taɓa dawowa ya ce an ƙara masa hanci ba.

Tun rasuwar Mama yake zaune shi kaɗai. Yayanmu kuwa ya daɗe yana neman hujjar kwashe shi zuwa gidansa na bene, inda matarsa ba ta lamuntar ɗigon ruwa a tebur, balle fenti. Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Yaya ya ce ranar da tsufa ya nuna alama, magana ta ƙare.

Ni kuma Allah ya yi ni da zargi, ko gaisuwa ta yi tsawo sai na leƙa ƙarƙashinta. Na lura gishiri na ƙarewa a gidan mutumin da likita ya hana cin gishiri. Sai guntayen kyandir, sai gam, sai zaren ɗinkin Mama a kan teburin zane.

"Gwaji nake yi, 'yar nan," in ji shi. "Ba a gama koyon sana'a."

Amsar ta yi mini santsi da yawa. Na je na tsare mai shagon kayan zane a kan shi ke cusa wa tsoho tarkace, ya rantse ban da takarda da fenti Baba ba ya sayen komai. Na zargi maƙwabciya da ɗibar gishirin, ita ma ta wanke kanta, ta ce a takarda yake barbaɗa shi, amma ta kai wa Yaya labarin. Nan ya kira ni: "Wai gishiri yake barbaɗa wa takarda? Je ki dubo kansa, ki gaya mini." Gaskiya na tsorata, domin ni ma tunanin da nake ɓoyewa ke nan.

Da hantsi na je, na cire takalmi, na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba. Ya liƙa zare da gam a siffar kifi. Yatsansa na hagu na bin zaren, buroshi na bin yatsan. Ya barbaɗa gishiri a kan danshin fentin. Fuskarsa kuwa taga take kallo. Ya juyo ya dubi inda nake tsaye, cikin jar riga, ya koma aikinsa.

Can ya ce, "Turarenki ya riga ki sallama."

"Baba, tun yaushe?"

"Tun bara. Tsakiyar ganin ce ta tafi, gefe-gefe na nan." Ya shafa takardar. "Zare ke gaya mini iyakar kifin. Kyandir na hana fenti shiga cikin idonsa. Gishiri in ya bushe, ina jin ɓawon kifin a yatsa. Zo ki duba, shuɗin ya fito?"

Kifin ja ne wur. Sai ga wayata ta yi ƙara.

"Me kika gani?" in ji Yaya.

Buroshin Baba ya tsaya cak a sama, ruwa na ɗiga a gwiwarsa.

"Kansa lafiya ƙalau, Yaya. Ya fi namu."

Na kashe wayar. Na ce, "Asibiti dai sai mun je, ni da kai, ba wanda zai ji. Kuma kifinka ja ne."

Ya laluba ya turo mini kwalaben fentin da ƙullin zare.

"To ɗaura wa jan nan zare a wuya, kada ya sake yaudarata."

Na ja kujera na zauna, na ɗaura.